Daga Tartsatsin Bargo Zuwa Cajar Waya: Yadda Lantarki Yake Aiki

Duk wanda ya taɓa cire rigar sanyi cikin duhu a tsakiyar hunturu ya san ƙarar nan ta ƙas-ƙas, wani lokaci har da ɗan tartsatsi mai launin shuɗi. Haka wanda ya sauko daga mota ya kai hannu zai rufe ƙofa, sai ya ji kamar an tsira masa allura a yatsa. Wannan ɗan tartsatsi yakan kai bolt 3,000 ko fiye, amma ba ya yi wa mutum komai. A ɗaya ɓangaren kuma, soket ɗin da ake jona caja bai wuce bolt 220 zuwa 240 ba, amma yana iya kashe mutum nan take.

Me ya sa dubban bolt ba sa kisa, ɗari biyu da 'yan kai kuma suke yi? Amsar tana cikin darussa biyu na Fiziks da ɗaliban babbar sakandare suke haɗuwa da su kafin WAEC da NECO da JAMB: tsayayyen lantarki, wanda ake kira ilektirostatiks a aji, da kuma lantarki mai gudana. Duk wanda ya gane su ya samu riba biyu. Zai amsa tambayoyin jarrabawa da fahimta maimakon hadda, kuma zai iya karanta ƙananan rubutun da ke jikin caja da fawa bank kafin ya ba da kuɗinsa.

Caji shi ne tushen komai

Kowane abu an gina shi ne da ƙwayoyin atom. A tsakiyar atom akwai furoton masu caji fozitif (+) da niyutiron marasa caji, a kewaye kuma akwai ilektiron masu caji negetif (−). A yadda abu yake zaune, adadin furoton da na ilektiron daidai suke, don haka ba a ganin wata alama. Furoton ba sa barin wurinsu. Ilektiron ne suke ƙaura daga wani abu zuwa wani.

Idan aka goga biron roba a gashin kai busasshe, ilektiron suna barin gashin su koma jikin biron. Biron ya zama negetif saboda ya samu ƙari, gashin ya zama fozitif saboda ya yi rashi. Ba a ƙirƙiri wani sabon caji ba, wurin zama kawai ya canza. Wannan ita ce dokar da ta ce ba a ƙirƙirar caji, ba a kuma hallaka shi.

Mutane sun daɗe da lura da wannan. Girkawan dā sun ga cewa daskararren ƙaron itace yana jan ƙananan abubuwa idan an goge shi, kuma sunan ƙaron a harshensu shi ne elektron. Daga nan kalmar ta samo asali. Amma ita ƙwayar ilektiron ba a gano ta ba sai a 1897, a binciken J.J. Thomson a Ingila.

Ana auna caji da kulom (C). Cajin ilektiron guda shi ne 1.6 × 10⁻¹⁹ C, ma'ana sai an tara ilektiron kusan 6.25 × 10¹⁸ kafin a samu kulom ɗaya.

Dalilin da ya sa tartsatsi ya fi yawa a hunturu shi ne bushewar iska. A damina laimar da ke cikin iska tana kwanciya a jikin tufafi da fata, cajin yana sulalewa a hankali kafin ya taru. A hunturu babu wannan hanya, sai ya yi ta taruwa a jikin mutum har ya taɓa ƙarfe, ya fita gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido. Busasshiyar iska tana jure wa kusan bolt 3,000 a kowace milimita kafin ta bari tartsatsi ya ratsa ta.

Dokar Coulomb

Caji iri ɗaya suna ture juna, mabambanta suna jan juna. A 1785 Bafaranshen nan Charles-Augustin de Coulomb ya auna ƙarfin wannan ja da turawa, ya fitar da dokar da ke ɗauke da sunansa:

F = kq₁q₂ / r²

A nan q₁ da q₂ su ne cajin biyu, r nisan da ke tsakaninsu, k kuma 9 × 10⁹ ne a cikin iska. Abin da ɗalibai suka fi tuntuɓe a kai shi ne r². Idan aka ninka nisa sau biyu, ƙarfin ba rabi yake komawa ba, kashi ɗaya cikin huɗu ne. Idan aka ninka sau uku, kashi ɗaya cikin tara.

Ga misali. Caji biyu, kowanne 1 × 10⁻⁶ C, tsakaninsu santimita 10, wato mita 0.1. Lissafin zai zama (9 × 10⁹ × 10⁻⁶ × 10⁻⁶) ÷ 0.01, amsa niwton 0.9. Wannan ya kusa nauyin giram 90, kamar rabin nauyin waya. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne mantawa a mayar da santimita zuwa mita.

Akwai tambayar da take yawan fitowa: me ya sa biron da aka goga yake ɗaukar guntayen takarda, alhali takardar ba ta da caji? Idan biron negetif ya matso, yana ɗan tura ilektiron na takardar zuwa can gefe, sai ɓangaren da ke kusa ya zama fozitif. Tunda fozitif ɗin ya fi kusa, jansa ya rinjayi turawar negetif da ke nesa, sai takardar ta taso. Dokar r² ce take aiki a nan ma.

Sikirin waya kafasita ce

Abubuwa kashi biyu ne wajen ba wa caji hanya. Ƙarafa irin su jan ƙarfe da alminiyom suna da sakakkun ilektiron da ke yawo, don haka caji yana bi ta cikinsu cikin sauƙi. Jikin mutum ma yana ba da hanya saboda ruwa da gishirin da ke cikinsa. Roba da gilas da busasshen katako kuwa suna tare hanya. Shi ya sa cikin kebul jan ƙarfe ne, bayansa roba.

Idan aka ɗauki faranti biyu na ƙarfe aka sa abu mai tare hanya a tsakaninsu, an samu kafasita, wato ma'ajiyar caji. Dokarta ita ce Q = CV, kuma ana auna girmanta da farad. A allon cikin kowace waya akwai ɗaruruwan ƙananan kafasita.

Sikirin da ake shafawa ma da wannan dabara yake aiki. A ƙarƙashin gilashin akwai layuka na wani sinadari mai ba wa caji hanya wanda ido ba ya gani, an jera su a tsaye da kwance kamar saƙar tabarma. Kowace mahaɗa ƙaramar kafasita ce. Da yatsa ya taɓa gilashin, sai ya canza adadin cajin da mahaɗar wurin take riƙewa, wayar kuma ta gane inda aka taɓa. Wannan ne ya sa sikirin ba ya amsa safar hannu mai kauri ko tsinken ashana, kuma ɗigon ruwa ko gumi yake rikita shi. Idan waya ta fara danna kanta da zarar an jona wata caja, yawanci cajar ce take fitar da wuta mai hayaniya da ke dagula wannan awo. Alama ce ta caja mara kyau, kuma gara a ajiye ta.

Tartsatsin da ba ya cutar da mutum yana iya ƙona ƙananan sassan cikin waya ko kwamfuta, domin wasunsu ba sa jure ko bolt 100. Shi ya sa ƙwararrun masu gyara suke ɗaura wani zare a wuyan hannu da ke sauke cajin jikinsu zuwa ƙasa. Haka nan tartsatsin yana iya kunna tururin fetur. Mai sayen man janareta ya sauke jarka ƙasa kafin a zuba, kada a cika ta tana kan babur ko cikin but ɗin mota.

Tsawa babban tartsatsi ce

Abin da ke faruwa a bargo shi ne yake faruwa a hadari, sai dai girman ya bambanta. Ƙanƙara da ɗigon ruwa suna gugar juna a cikin gajimare, ƙasan gajimaren ya tara negetif, doron ƙasa kuma ya zama fozitif. Idan iska ta kasa jurewa, sai walƙiya ta ratsa da karant da yakan kai amfiya 30,000. Benjamin Franklin na Amurka ne ya nuna a 1752 cewa walƙiya lantarki ce, kuma shi ya kawo dabarar kafa sandar ƙarfe mai tsini a saman gini, a haɗa ta da ƙasa don tsawa ta bi ta nan.

Sauti yana tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa. Idan daƙiƙa uku suka wuce tsakanin ganin walƙiya da jin tsawa, to ta faɗi a nisan kusan kilomita ɗaya. Waya da ke hannu ba ta jawo tsawa. Haɗarin yana ga wadda aka jona a soket, domin tsawar da ta faɗa wa layin wuta tana iya biyowa har cikin ɗaki. Cikin mota mai jikin ƙarfe kuwa wuri ne mai aminci, saboda caji yana bin bayan ƙarfen ne ya sauka, ba ya shiga ciki.

Idan caji ya fara tafiya

Tartsatsi yana ƙarewa cikin ɗan lokaci. Don a samu aiki mai ɗorewa sai an samu abin da zai riƙa tura caji ba tsayawa. Wannan shi ne batir, wanda Alessandro Volta na Italiya ya fara haɗawa a 1800. Daga nan lantarki mai gudana ya fara.

Tankin ruwa na saman gida yana taimakawa wajen gane abubuwa uku.

Boltej (V) kamar tsayin tankin ne. Iya tsayinsa, iya ƙarfin da ruwa yake turowa. Bolt ɗaya yana nufin kowane kulom yana ɗauke da makamashi jul ɗaya.

Karant (I) kamar yawan ruwan da ke wucewa ta fayif ne a daƙiƙa guda. Ana auna shi da amfiya (A), kuma I = Q/t. Amfiya ɗaya kulom ɗaya ne a kowace daƙiƙa.

Turjiya (R), wadda ake kira resistans, kamar ƙuncin fayif ne. Ana auna ta da om (Ω). Kebul siriri ko dogo ya fi gajere mai kauri turjiya.

Bajamushe Georg Ohm ne ya haɗa ukun a 1827: V = IR, matuƙar zafin abin bai canza ba.

Sai an samu cikakken zagaye daga batir a koma batir kafin karant ya gudana, aikin makunni kuma shi ne yanke zagayen ko haɗa shi. A zanen littafi ana nuna karant yana fita daga + zuwa −, amma ilektiron daga − suke tafiya zuwa +. An tsayar da wancan tsari tun kafin a gano ilektiron, aka bar shi a haka. Su kansu ilektiron ba gudu suke yi ba, tafiyarsu a cikin kebul ba ta kai milimita ɗaya a daƙiƙa. Ƙwan fitila yana kamawa nan take ne saboda kebul ɗin cike yake da ilektiron tun farko, kamar fayif da ke cike da ruwa: ana buɗe famfo ruwa yake zubowa.

Karanta rubutun jikin caja

Saurin aikin wuta ana auna shi da wat (W), kuma P = IV. Cajar da aka rubuta wa 5V da 2A tana iya ba da wat 10. Mai 9V da 2A wat 18 ce. Lambar amfiya iyakar abin da cajar za ta iya bayarwa ce, ba abin da take ɗura wa waya dole ba. Wayar ce take jan abin da take buƙata. Caja mai sauri ta gari tana farawa da bolt 5, sai wayar ta nemi ƙari sannan ta ɗaga.

Wutar soket tana juyawa gaba da baya sau 50 a daƙiƙa, ita ce AC. Batir kuwa yana son wuta mai tafiya hanya ɗaya, wato DC. Aikin kan caja shi ne ya sauko da bolt 230 zuwa 5 ko 9, ya mayar da AC zuwa DC, ya kuma raba ɓangaren babbar wuta da ɓangaren da mutum yake taɓawa. Wannan rabawar ita ce jabun caja suke tsuke kuɗi a kai.

Kebul ma yana da nasa rawar. A ce mai araha yana da turjiya om 0.5, karant kuma amfiya 2. Dokar Ohm ta ce bolt 1 zai ɓace a hanya, bolt 4 kawai zai isa wayar. Zafin da kebul ɗin yake fitarwa shi ne P = I²R, wato 4 × 0.5, wat 2. Kashi ɗaya cikin biyar na wutar ya tafi a ɗumama kebul. Sau da yawa idan waya ta ƙi cika da wuri, kebul ne mai laifi ba batir ba.

Wannan I² ɗin ne ya sa ake ɗaga boltej idan ana son kai wuta mai yawa. Idan aka ninka boltej, rabin karant ya isa a kai wat iri ɗaya, asara kuma ta koma kashi ɗaya cikin huɗu. Da wannan hikima ake ɗauko wuta daga Kainji da Jebba da Shiroro a kan manyan layuka masu bolt 330,000, sannan tiransifoma su yi ta sauko da ita mataki-mataki har ta iso unguwa.

Gaskiyar mAh da fawa bank

Lambar mAh awon caji ce. Batir mai 5,000mAh yana nufin amfiya 5 na tsawon awa guda, wato 5 × 3,600, kulom 18,000. Don a san makamashin da ke ciki sai an ninka da boltej. Batirin waya na litiyom yana kusan bolt 3.85, don haka yana riƙe da kusan 19Wh.

Fawa bank mai 10,000mAh batirinsa na ciki bolt 3.7 ne, wato 37Wh. A takarda ya kusa cika waccan waya sau biyu. Amma sai ya ɗaga wutar zuwa bolt 5, ta bi kebul, wayar kuma ta sake sauko da ita, kowane mataki yana cin nasa rabon a matsayin zafi. Abin da ake samu a zahiri bai cika wuce caji ɗaya da rabi ba, ko da kayan na gari ne. Wanda aka rubuta wa 50,000mAh amma yana shiga aljihun riga ba nauyi, lissafi ya riga ya ƙaryata shi. Kamfanonin jiragen sama ma da Wh suke awo: iyakar da aka saba yarda da ita ba tare da neman izini ba ita ce 100Wh, kusan 27,000mAh.

Yunit ɗaya na mita kuwa 1,000Wh ne. Ko da an cire asara, zai cika waya kusan sau 40. Dutsen guga mai wat 1,000 yana cinye shi cikin awa guda.

A jere ko kafaɗa da kafaɗa

Idan aka haɗa abubuwa a jere, karant ɗaya ne yake bi ta cikinsu duka, boltej ne ake rabawa, turjiya kuma tarawa ake yi: om 4 da om 6 sun zama om 10. Batir biyu na tocila masu bolt 1.5 suna ba da bolt 3, haka batir biyu na sola masu bolt 12 suna ba da 24.

Idan aka haɗa su kafaɗa da kafaɗa, boltej ɗaya ne a kan kowanne, karant ne yake rabuwa. Dokar ita ce 1/R = 1/R₁ + 1/R₂, don haka om 4 da om 6 sun zama om 2.4, ƙasa da ƙaramin cikinsu. Haka ake haɗa wutar gida, shi ya sa idan ƙwai ɗaya ya mutu sauran ba sa mutuwa. Amma kowane abu da aka ƙara jonawa yana ƙara karant a kan kebul guda. Fulogi mai fiyus na amfiya 13 iyakarsa kusan wat 3,000 ce, ekstenshin mai siririn kebul kuma ba ya kai ko kusa da haka. Hitar ruwa da dutsen guga a kansa lokaci guda hanyar gobara ce. Fiyus an yi shi ne ya narke kafin kebul ya kama wuta, don haka maye gurbinsa da guntun ƙarfe ko takardar sigari cire mai gadi ne daga ƙofa.

Abin da yake kisa

Yanzu a koma tambayar farko. Abin da ke cutar da jiki shi ne yawan karant da ya ratsa shi da tsawon lokacin da ya ɗauka. Tartsatsin ƙofar mota boltej ɗinsa babba ne, amma cajin bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na kulom ba a mafi yawan lokuta, kuma yana ƙarewa kafin mutum ya ankara. Kamar cokali ɗaya na ruwa ne da aka zubo daga saman bene. Soket kuwa kogi ne da ba ya yankewa.

Mutum yana fara jin karant daga miliamfiya 1. A wajen 10 zuwa 20 tsokar hannu tana ƙanƙamewa har ya kasa saki. Daga 50 zuwa 100, idan ya bi ta ƙirji, yana iya dagula bugun zuciya. Busasshiyar fata tana iya kai turjiya om 100,000, wanda a bolt 230 zai ba da kusan miliamfiya 2. Jiƙaƙƙiyar fata tana iya saukowa zuwa om 1,000, karant ya zama miliamfiya 230. Soket ɗaya ne, ruwa ne kawai ya bambanta su. Wannan ne dalilin da ya sa bai kamata a taɓa caja da jiƙaƙƙen hannu bayan wanka ko alwala ba, ko a shiga banɗaki da waya tana jone. Idan wuta ta kama wani, a kashe makunni ko a ture shi da busasshen katako, kada a kai masa hannu.

Ga ɗalibin da ke shirin jarrabawa, akwai atisaye mai sauƙi da ba ya buƙatar ɗakin gwaji: ya ɗauko cajarsa ya lissafa wat nawa take bayarwa, ya duba mAh na batirinsa ya mayar da shi kulom da Wh, sannan ya ƙiyasta awa nawa ya kamata ta ɗauka kafin ta cika. Idan lissafi ya ce awa biyu amma wayar tana kwana a caji, to a fara duba kebul.